Ɗigon Jan Mai A Ƙarƙashin Mota



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin zancen tiyo da man giya a shafin da aka saba karanta nasiha da sanarwar ɗaurin aure. Hanzarinmu shi ne, a New Bell da Kongo da sauran unguwannin da Hausawa ke zaune a wannan gari na Duwala, da wuya a sami layin da babu gidan da tukunyarsa ta dogara da mota. Wani direban tirela ne, wani yaron mota, wani dillalin motocin okaziyon, wani makanike, wani kuma ɗan kasuwa ne da kayansa ke kan hanyar Arewa a daidai lokacin da yake karanta wannan takarda. Abin da ya taɓa mota ya taɓa tuwon gida, wani lokaci ma har ya taɓa zumunci da rai. Cikin cututtukan mota kuwa, mun lura babu wadda ke sanar da zuwanta tun da wuri, kuma take samun masu kawar da kai daga gare ta, kamar yoyon tiyon da ke sanyaya man giya.

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake, domin amfanin iyayenmu mata da sauran waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Motar da giyarta ke sauya kanta, wadda muke kira otomatik, rayuwarta tana cikin wani mai na musamman, wanda galibi ake rina shi ja domin a bambanta shi da baƙin man inji. Wannan mai aiki uku yake yi a lokaci guda. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos, wato abin da makanikanmu ke kira bwat. Shi ke matse farantan kuloci na ciki idan giya za ta sauya. Shi ne kuma ke shafe ƙarafa ya kwashe zafinsu. To, man da ke shan wannan wahala dole ya yi zafi, saboda haka maƙeran mota suka fitar masa da hanya. Tiyo ɗaya ya kai shi gaban mota, ya ratsa wani ɗan bututu da ke cikin lagireto, ko wani ƙaramin lagireto nasa na kansa, ya huce, tiyo na biyu ya komar da shi. A ƙa'ida zafinsa yana tsayawa wajen digiri 80 zuwa 90. In ya riƙa haura 120, sai ya fara ƙonewa, launinsa ya koma ruwan ƙasa, ya daina riƙe farantai. Dukan man da ke cikin giyabos na ƙaramar mota bai cika wuce lita 6 zuwa 10 ba, kuma famfo ne ke tura shi muddin inji na aiki. Shi ya sa tiyon da ke ɗiga kaɗan-kaɗan yau, ranar da ya fashe a kan hanya yana iya tsiyaye man cikin 'yan mintoci direba bai sani ba, sai dai ya ji inji na kuka, mota ba ta ja.

Tiyon nan wani sashensa ƙarfe ne, wani sashen roba, kuma kowannensu ya sami maƙiyinsa a wannan gari namu. Tun bayan da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da mai matsakaicin hali, aka raja'a kan okaziyon. Da yawa daga cikinsu a unguwar Heyvaert ta birnin Burusel ake tattaro su, a loda a tashar Anvers, a sauke mana a bakin Wouri. Daga baya na Amurka da Kanada suka shigo, waɗanda akasarinsu otomatik ne. A waɗannan ƙasashe ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana maƙalewa a ƙarƙashin mota shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Saboda haka mota takan iso jikinta na sheƙi, alhali bututanta sun riga sun yi tsatsa. Sai ta faɗo Duwala, garin da ruwan samansa ke haura milimita 3,500 a shekara, iskarsa ba ta rabuwa da danshi, kuma a watannin Yuli da Agusta mota kan ratsa ruwa har gindin ƙofa a lungunanmu. Tsatsar da aka faro a can, nan take ƙarasa aikinta. Ita kuwa roba, zafi ne ke busar da ita ta tsattsage, musamman a gaɓar da aka matse ta da ƙarfe. Zafi kuwa ba mu rasa shi ba. Awa guda a cunkoson Ndokoti ko a mashigar Bonabéri, mota na cikin giya, ƙafa na kan birki, iska ba ta bugun lagireto, ta isa ta dafa man. A ƙara da ramukan hanya da ke girgiza bututu har ya goga jikin wani ƙarfe ya huje.

Manyan motoci nasu ya ɗan bambanta. Tsofaffin da ke da giyar hannu, akasarinsu ba su da wannan tiyo, yoyonsu daga wani wuri yake fitowa. Amma tirelolin zamani da ke tashi daga Yassa da lodi, da yawa suna ɗauke da na'urar rage gudu manne da giyabos, wadda ke aiki da mai, ta kuma juye zafinta cikin ruwan lagireto ta wasu bututai. Wanda ya san hanya ya san inda ake bukatarta. Daga Duwala zuwa Njamena kimanin kilomita 1,800 ne, zuwa Bangi sama da 1,400, kuma duk mai zuwa Garwa sai ya sauka gangaren Falez, tsakanin Ngaundere da Mbé, da nauyin kaya a bayansa. Idan bututun ya yi yoyo, ruwa ko mai ya ragu, na'urar ta yi zafi ta saki aiki, sai nauyin duka ya koma kan birkin ƙafa, shi kuma birki in ya yi zafi yakan daina kamawa. A nan zance ya wuce na dukiya, ya koma na rayuka.

Alhamdu lillahi, wannan cuta ba ta ɓoye alamominta. Wanda ke shakka ya shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin gaban mota da dare, da safe ya tayar da inji na ɗan lokaci, sannan ya jawo kwalin ya duba. In an ga jan mai mai santsi tsakanin lagireto da giyabos, tiyon ake fara zargi, ko da yake a wasu motoci man sitiyari ma ja ne, ruwan lagireto na wasu kamfanoni kuma ja-ja ne, sai dai shi tsinkakke ne kamar ruwa. In motar tana da sandar awon man giya, a auna a wuri madaidaici, inji da ɗuminsa. Galibin motoci ana auna su inji na aiki, wasu kuwa kamar Honda sai an kashe, don haka a bi abin da littafin motar ya ce. Sababbi da yawa ba su da sandar, sai an je gareji. Idan mota ta riƙa jinkiri kafin ta kama giya, ko tana fizga, ko aka ji ƙaurin mai, duk kira take yi. Mafi muni shi ne a buɗe lagireto bayan ya huce a ga abu kamar madara mai ja-ja. Wannan yana nufin bututun ciki ya huje, ruwa da mai sun gauraya, ruwa kuwa ɓamɓare fatar farantan kuloci yake yi. Motar da ta kai nan ba a tuƙa ta zuwa gareji, ɗaukar ta ake yi. Haka wadda tiyonta ya fashe a hanya, a tsaya nan take a kashe inji, domin man da ya fesu a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a cikin wannan lamari shi ne, wanda ke fara ganin ɗigon sau da yawa ba mai motar ba ne. Uwargida ce, ko yarinyar da ke sharar ƙofar gida bayan maigida ya fita, ko yaron da ke wanke motar. Su ke ganin tabon a kan siminti kullum a wuri ɗaya, yana ƙara faɗi. Sai dai an saba musu da cewa mota ba huruminsu ba ce, in sun yi magana a ce me mace ta sani game da inji. Sai su barbaɗa toka a kai, su share, su kama bakinsu. Muna roƙon magidanta su gyara wannan hali, domin ranar da giyabos ya ƙone, kuɗin gyaransa daga ina za su fito, in ba daga cefane da kuɗin makarantar yara ba? Wadda za a rage wa cefane tana da haƙƙin a saurare ta tun abin yana ɗigo. Kakanninmu fatake, da suka bi hanyoyin goro da jakuna, ba sa kwanciya a zango sai an sauke kaya an duba bayan kowace dabba, domin sun san ɗan ƙurjin da aka ƙyale yau shi ne mikin da zai tsayar da ayari gobe. Madugu kuwa ba ya raina yaron da ya zo ya ce masa jaki kaza yana ɗingishi.

Da yake a gidan liman muka tashi, mun sha ganin inda irin wannan shiru ke ƙarewa, domin zauren Malam nan ake kawo abin da ya gagari dillalai. Akwai wata shari'a da ba mu manta ba. Mutum biyu ne, sahunsu ɗaya a masallaci, 'ya'yansu makarantar allonsu ɗaya. Ɗaya ya sayar wa ɗaya mota. Mako biyu bayan ciniki, mai saye ya ɗebi iyalinsa za su ɗaurin aure Yawunde. Sun wuce Edéa kaɗan, magariba ta kawo jiki, motar ta saki giya a kan hawa. Nan suka kwana a gefen hanya da mace da ƙananan yara, motocin gungume na wucewa suna girgiza su har asuba. Da aka ɗauko motar aka ɗaga ta, sai ga tiyon an naɗe shi da robar cikin taya an ɗaure da waya, an kuma wanke ƙarƙashin tas kafin ciniki. Giyabos ya ƙone.

Mai sayarwa ya yi ta kawo hanzari, wai ai ɗiga ce kawai, kowace okaziyon tana ɗiga, kuma ai ya bar shi ya zaga gari da ita kafin ya biya. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka san da yoyon?" Ya ce ya sani. Malam ya ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka?" Sai ya sunkuyar da kai. Aka yi sulhu, ya ɗauki nauyin gyara, aka yi addu'a aka tashi. Kuɗi dai sun dawo, amma mun lura tun daga ranar ɗayansu ya sauya sahu, matansu kuma suka daina aika wa juna abincin Salla. Tiyon da ya jawo wannan duka, kuɗinsa a Camp Yabassi bai kai abin da aka kashe wajen ɗauko motar daga kan hanya ba.

Wannan hukunci tsoho ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda muka gada a makarantun zaure, ya san ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka rufe masa yana da haƙƙi a kan mai sayarwa. Sananne ne kuma labarin mai hatsin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya kafa hujja da ruwan sama, aka nuna masa cewa jiƙaƙƙen ne ya kamata ya ɗora a sama domin masu saye su gani. Haka abin yake a nan. Gishirin Turai da daminar Duwala su suka cinye bututun, wannan ba laifin kowa ba ne. Laifi yana farawa daga lokacin da aka kai motar wurin wanki domin a goge shaida. Dillalin da ya ce, "Ga mota, amma tiyon giyarta yana son canji, a cire kuɗinsa," ya rasa 'yan jakunkuna, ya tsira da mutuncinsa da albarkar cinikinsa.

Makanikanmu ma suna da nasu kason. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka danƙa masa ya gyara, domin a tsare dukiyar jama'a. Gyara na gaskiya kuwa sananne ne. A wanke wurin, a tayar da inji, a gano ainihin inda man ke fita. In bututun ƙarfe ya yi tsatsa, a sauya shi gaba ɗaya, a kuma duba ɗan'uwansa, tun da shekarunsu ɗaya, ruwan da suka sha ɗaya. In roba za a sa, a nemi wadda aka yi domin man giya, saboda tiyon fetur ko na ruwa ba ya jure wannan zafi, yakan yi laushi ya saki. A ɗaure ta da maɗauri na ƙarfe, a nisanta ta da salansa da duk abin da ke juyawa. Sannan a cika da man da kamfanin motar ya ambata, domin ba kowane jan mai ne ɗaya ba: akwai Dexron, akwai T-IV da WS na Toyota, akwai kuma na giyar CVT wanda ba a musanya shi da ko ɗaya daga cikinsu. Baƙin man inji ba ya shiga nan ko kaɗan. Ɗaurin roba da waya, in an yi shi a daji domin a isa gari, lalura ce, amma wajibi ne a faɗa wa mai mota ƙarara cewa na wucin gadi ne. Mu kuma masu mota, bai dace mu tsaya a kan makanike muna cewa ya yi mana dabara kawai, sannan gobe mu zo zaure muna kai ƙararsa ba.

Tsakanin direba da maigidansa ma akwai irin wannan shiru, kuma ya fi haɗari. Mun san direbobin da ke sayen mai da kuɗin abincinsu suna ƙarawa a kowane zango, daga Bertoua zuwa Garoua-Boulaï har Ngaundere, saboda tsoron in sun kira Duwala sun ce mota na yoyo, za a ce sun cika ƙorafi, ko suna neman hanyar cin kuɗi, a karɓe makulli a ba wani. Maigidan da ya sa yaransa ke jin tsoron gaya masa gaskiya, ya sani yana da hannu a cikin duk abin da ya biyo baya. Shi kuma direba ya tuna amanar da ke wuyansa ta wuce ƙarfe da kaya, ta haɗa da yaron motarsa da mutanen ƙauyukan da ke zaune a bakin hanya. Kwana ɗaya a gareji kafin a tunkari gangare ba asara ba ne. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai haƙƙin maƙwabci, wanda bai sayi motar ba, bai kuma hau ta ba. Man da ya zuba a kan kwalta, da zarar ruwa ya sauka santsi yake zama, kuma wanda zai fara taka shi mai bensikin ne, ɗauke da matanmu ko 'yan makaranta. Wanda aka juye a kwata kuwa, unguwarmu kwari ce, ambaliya za ta ɗebo shi ta shigar mana da shi gidaje, har kusa da rijiyoyin da ake wanki da alwala. Tsohon mai a tara shi a jarka, wanda ya zube a rufe shi da yashi ko garin katako a kwashe. Tun muna yara aka karantar da mu ladan da ke cikin ɗauke ƙaya daga hanya. To, ina ga wanda ya zuba santsi a kanta ya yi tafiyarsa?

Saboda haka muna kira ga kowane gida mai mota, ƙarama ko babba, da a ware safiya ɗaya a cikin wannan mako, a shimfiɗa kwali, a durƙusa a duba, a kuma tambayi mai sharar ƙofar gida abin da take gani. Wanda ya tarar da yoyo ya gyara kafin tafiya, wanda zai sayar ya faɗa kafin a yi sallama, wanda aka ba gyara ya ji tsoron Allah a cikin abin da mai mota ba zai iya gani ba.

Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan hajarmu ne, Ya daidaita tsakanin waɗanda ciniki ya raba. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.